Ba Allah Ɗaukaka Kan Alherin da Muka Samu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a tsakanin masu bi, wasu a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, wasu bayan an tashi sujada, wasu kuma sai mutum ya keɓe da wanda ya amince da shi kafin ya iya furta su. An fara da masu sauƙi, masu nauyin suna gaba. An sa musu lamba don a iya komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Me ake nufi idan aka ce Kirista ya ba Allah ɗaukaka kan alherin da ya samu?

Ana nufin ya faɗi gaskiya game da inda abin ya fito. Lafiya ce, aiki ne, haihuwa ce, cin jarrabawa ne, ko sulhu ne bayan doguwar gaba, mai bi yana duban abin ya amince cewa ba shi aka yi. Wasiƙar Yakubu 1:17 ta ce kowace kyakkyawar baiwa daga sama take, daga wurin Uba. Bulus kuma ya tambayi Korintiyawa: me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? In kuwa karɓa ka yi, don me kake fahariya kamar da kanka ka samo (1 Korintiyawa 4:7)?

Cewa "mun gode Allah" da baki wani ɓangare ne kawai, domin kalmar tana iya fita alhali zuciya tana can tana lissafin gwanintarta. An fi gane wanda ya yarda cewa karɓa ya yi ta yadda yake duban wanda bai samu ba, da yadda hannunsa ke sakewa da abin da ya samu.

2. Umarni ne a Littafi Mai Tsarki, ko dai al'adar ikkilisiya ce?

Umarni ne, kuma tsoho ne. Kafin Isra'ilawa su shiga ƙasar alkawari, Musa ya gargaɗe su a Maimaitawar Shari'a sura 8. Abin lura, ba yunwa ya ji musu tsoro ba, ƙoshi ya ji musu tsoro. Ya ce idan kun ci kun ƙoshi, kun gina gidaje masu kyau, dabbobinku sun yi yawa, ku yi hankali kada ku ce ƙarfina da iyawar hannuna ne suka samo mini wannan dukiya; ku tuna Ubangiji ne yake ba ku ikon samunta (aya 17 da 18). Zabura 115 ta buɗe da roƙon kada ɗaukaka ta zo gare mu, sai dai ga sunan Ubangiji. Dawuda, bayan jama'a sun tara dukiya mai yawa don ginin Haikali, ya ce wa Allah duk abin nan naka ne, daga cikin naka muka ba ka (1 Tarihi 29:14).

A Sabon Alkawari labarin da aka fi sani shi ne na kutare goma a Luka 17. Duka goman sun warke, ɗaya ne ya komo yana yabon Allah, shi ma Basamariye ne. Yesu ya tambaya, ina sauran taran?

3. Ni na yi karatun, ni na hana idona barci. Don me zan ce Allah ne?

Ba wanda ya ce ka musanta wahalarka. In ka ce "ban yi komai ba" alhali ka yi, ƙarya ka yi, ƙarya kuwa ba ta ɗaukaka Allah. Dubi yadda Bulus ya haɗa maganar a 1 Korintiyawa 15:10. Ya ce ya fi sauran manzanni yin aiki, ya faɗa kai tsaye ba kunya. Nan take ya ƙara da cewa ba shi ba ne, alherin Allah ne da ke tare da shi. Bai janye ta farko don ya faɗi ta biyu ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka rabon gado ake yi, wato in Allah ya ɗauki kashi mafi yawa, ni sai in tashi da ɗan abin da ya rage. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Aikin naka ne gaba ɗaya, kuma kai ɗin da ka yi aikin, da kan da ka yi tunani da shi, da lafiyar da ta bar ka ka zauna ka karanta, da wanda ya koya maka haruffa tun kana ƙarami, da shekarar da aka haife ka da ƙasar da aka haife ka, ba ɗaya da ka zaɓa ko ka biya. Akwai masu basira irin taka, ko fiye, waɗanda ciwo ko yaƙi ko talauci ya tsayar da su a hanya. Shi ya sa Musa bai ce Allah ne ya yi muku noman ba, ya ce shi ne ya ba ku ikon yi.

Ko gwanintar hannu ma Littafi yana kiranta baiwa. Fitowa 31 ta ce Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa don ya iya aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙar itace. Ishaya 28:26 ta ce Allah ne yake koya wa manomi yadda zai yi gonarsa. Manomin nan ya koya ne a wurin wani manomi, amma annabin bai ga saɓani a ciki ba.

4. To in Allah ne mai bayarwa, me zai sa in wahalar da kaina?

Domin galibi ta hanyar aikin yake bayarwa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Nehemiya, da aka yi barazanar kawo musu hari suna cikin ginin garun Urushalima, ya ce mun yi addu'a ga Allahnmu, mun kuma sa masu tsaro dare da rana (4:9). Sun gama garun cikin kwana 52, kuma maƙiyansu ma sun gane da taimakon Allah aka yi. Bulus ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ya sa ya yi girma (1 Korintiyawa 3:6). Wanda ya ƙi shuka da sunan dogara ga Allah, ga shi 2 Tasalonikawa 3:10 take magana, inda aka ce wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci.

5. Likita ne ya yi mini tiyata na warke. Wa zan gode wa?

Duka biyu, kuma kada ki rage wa likitan hakkinsa, 'yar'uwa. Akwai wani hali da ke ɓata sunan masu bi: mutum ya kwana tsaye a kan marar lafiya, a tashi ba da shaida a ce "likitoci sun kasa, Allah ya yi", alhali ba su kasa ba, ta hannunsu aka samu sauƙin. Wannan butulci ne, ko da an lulluɓe shi da sunan Allah. Lokacin da Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, annabi Ishaya bai tsaya nan ba, ya sa aka ɗora magani a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ambroise Paré, likitan fiɗa na Faransa a ƙarni na 16, an san shi da cewa shi ya ɗaure raunin, Allah ya warkar.

Haka abin yake ga malami, da iyaye, da wanda ya tsaya miki a wurin neman aiki. Romawa sura 16 kusan dukanta jerin sunayen mutane ne da Bulus yake gaisarwa yana yaba wa, har ya ce Biriskila da Akila sun sa ransu cikin hatsari dominsa, kuma ba shi kaɗai ke gode musu ba, har da ikkilisiyoyin al'ummai. Bulus ɗin da ya tambayi Korintiyawa "me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba?" (amsa ta 1) shi ne ya rubuta wannan jerin.

6. Idan aka yabe ni, me ya kamata in ce?

"Na gode" ya isa a yawancin lokuta. In ka ƙara da "godiya ga Allah" daga zuciya, madalla. Abin da bai dace ba shi ne ka mai da kowane ɗan yabo wa'azi, har wanda ya yabe ka ya ji kamar ya yi laifi. Yabon gwani ya zama dole, kuma wanda ya ce maka waƙarka ta ƙarfafa shi ko aikinka ya yi kyau, alheri yake yi maka, ka karɓa.

Inda dole ka tsaya ka gyara magana shi ne inda ake ɗora maka abin da na Allah ne kaɗai. Da Bitrus ya ga jama'a sun zuba musu ido bayan gurgun ƙofar Haikali ya tashi, ya ce don me kuke kallonmu kamar da ikonmu ko ibadarmu muka sa ya yi tafiya (Ayyukan Manzanni 3:12)? A Listira, da mutane suka kira Barnaba Zeyus, Bulus kuma Hamis, wato sunayen allolinsu, suka kawo bijimai za su yi musu hadaya, manzannin sun yayyage tufafinsu suka ruga cikin taron suna cewa mu ma mutane ne kamarku. Wannan darasi ya fi shafar masu wa'azi da masu yi wa mutane addu'a, waɗanda ake ce musu "addu'arka ce ta warkar da ni". Shiru a irin wannan wuri amincewa ne.

7. Allah yana bukatar yabonmu ne? In mutum ne ya nace a yabe shi, ai za mu ce mai girman kai ne.

Ba ya bukata. Bulus ya faɗa wa mutanen Atina cewa ba a yi wa Allah hidima kamar yana rashin wani abu, tun da shi ne ke ba kowa rai da numfashi da komai (Ayyukan Manzanni 17:25). A Zabura 50 Allah ya ce ko da yana jin yunwa ba zai gaya mana ba, duniya da abin da ke cikinta nasa ne. Yabon kai jahilci ne ga ɗan adam domin yana ɗaukar abin da ba nasa ba. Ga Allah kuwa ba ƙari a ciki. Mu ne muke lalacewa idan muka riƙe yabon: mutumin da ya gaskata shi ya yi kansa yakan raina na ƙasa da shi, yakan kuma kwana da fargaba, domin in shi ya kawo komai, shi kaɗai ne zai tsare komai.

8. Maƙwabcina ba ya addu'a, ba ya zuwa sujada, amma yana samun ci gaba fiye da ni. Nasa alherin daga ina?

Daga wurin da naka ya fito. Yesu ya ce Uba yana sa ranarsa ta fito wa mugaye da nagargaru, yana aiko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci (Matiyu 5:45). Ga masu bautar gumakan nan na Listira ma Bulus ya ce Allah ne ke ba su ruwan sama da damina mai albarka. Martin Luther, a ƙaramin katekizim ɗinsa na 1529, wato littafin koyar da tushen bangaskiya, ya yi bayanin roƙon abincin yau da kullum na Addu'ar Ubangiji da cewa Allah yana bayarwa ko ba a roƙa ba, har ga mugaye. Abin da muke roƙo shi ne ya sa mu gane daga wurinsa ne, mu karɓa da godiya.

Wannan yana rushe wani tunani da ke ɓoye a ƙarƙashin tambayar, wato cewa alheri albashin ibada ne. In da haka ne, da ba godiya za mu yi ba, da hakkinmu muke karɓa. Asaf ya sha wannan damuwa a Zabura 73, har ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ganin yadda mugaye ke jin daɗi. Zaburar ta cancanci a karanta ta har ƙarshe, a hankali.

9. Mutum zai iya yin fahariya da sunan godiya?

Ƙwarai kuwa, kuma ita ce fahariyar da ta fi wuyar kamawa. Addu'ar Bafarisiyen nan a Luka 18 da godiya ta fara: ya Allah, na gode maka da ba kamar sauran mutane nake ba. Yesu ya ce mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji shi ne ya koma gida baratacce.

A lokacin ba da shaida a majami'a ake yawan ganin wannan. Mutum ya tashi ya ambaci Allah a jimlar farko, sauran minti goma kuma ya yi su kan irin motar, da yawan azumin da ya yi, da yadda maƙiyansa suka ji kunya. Kafin ka tashi, ka tambayi kanka me matar da ke zaune a baya, wadda ta shekara goma tana roƙon abin da ka samu, za ta tafi gida da shi. In za ta tafi da tunanin cewa Allah mai jinƙai ne, shaidarka ta yi amfani. In za ta tafi da tunanin cewa ka fi ta bangaskiya, gara ka gode a ɗakinka. Ba a hana faɗin abin da Allah ya yi ba. Yesu da kansa ya ce wa mutumin da ya raba da aljanu ya koma gida ya ba da labarin jinƙan da aka yi masa (Markus 5:19). Jinƙai aka ce ya faɗa.

10. In alheri ya zo mu ce Allah, in masifa ta zo mu ce Shaiɗan ko mutum. Wannan ba son kai ba ne a lissafi?

Tambaya ce mai nauyi, kuma waɗanda ba masu bi ba suna da gaskiya idan suka ga wasu Kiristoci suna wasa da ita. Koyarwar ikkilisiya ita ce Allah shi ne tushen nagarta, mugunta kuwa ba daga halinsa take fitowa ba. Yakubu, ayoyi kaɗan kafin maganar kyakkyawar baiwa, ya ce kada wanda aka jarabta ya ce Allah ne ya jarabce shi, sha'awar mutum ce ke jan sa (1:13-14). Saboda haka in na yi zalunci, laifin nawa ne; in na yi adalci, da ƙarfin da aka ba ni na yi. Ba daidai suke ba, kuma ba a taɓa cewa daidai suke ba.

Amma Littafi Mai Tsarki bai fitar da Allah daga ranar wahala kamar ba ya nan ba. Ayuba ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, ya kuma tambayi matarsa ko za mu karɓi alheri daga wurin Allah mu ƙi karɓar wahala. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufa da alheri (Farawa 50:20): bai wanke su ba, bai kuma ce Allah ba ya ciki ba. Mai bi yana kai kukansa wurin da yake kai godiyarsa. Zabura cike take da "har yaushe, ya Ubangiji?", Zabura 88 ma ta ƙare ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba, kuma an bar ta a cikin Littafi. A ƙarshen littafin Ayuba, abokansa da suka yi ta kare Allah da bayanai masu tsari su ne aka tsawata wa, Ayuba mai ƙorafi kuwa aka ce ya faɗi gaskiya game da Allah (42:7).

Don haka wanda ke gode wa Allah ranar samu, ya kuma iya yi masa kuka ranar rashi, lissafinsa bai karkace ba. Wanda ya karkace shi ne mai tuna Allah a ɗayan kawai.

11. Na tsira daga hatsarin da wasu suka mutu a ciki. Yaya zan gode ba tare da na ji wa iyalansu ciwo ba?

Ka gode, domin ranka baiwa ne. Amma ka bar bayanin dalili. Kalmomi irin su "Allah ya nuna ni nasa ne" suna nufin waɗanda suka mutu ba nasa ba ne, ko ba ka yi niyyar faɗin haka ba. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Luka 13, da ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa: kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi? Ya ce a'a. A sura ɗaya, Ayyukan Manzanni 12, an kashe manzo Yakubu da takobi, mala'ika kuma ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya, da waɗanda aka kashe da takobi, ta yaba musu duka.

A aikace, lokaci da wuri suna da muhimmanci. Gidan makoki wurin kuka da masu kuka ne (Romawa 12:15). Shaidarka za ta iya jira, kuma idan ka ba da ita, ka ambaci waɗanda aka rasa, ka roƙi a yi wa iyalansu addu'a. Dubi kuma amsa ta 9.

12. Wanda ya samu abu ta hanyar cuta, ya ce Allah ne ya yi masa, fa?

Ya ƙara laifi a kan laifi. Lokacin da Yakubu ɗan Ishaku ya yaudari mahaifinsa makaho, aka tambaye shi yaya ya samo naman da wuri haka, sai ya ce Ubangiji Allahnka ne ya kawo mini (Farawa 27:20). Annabi Zakariya ya yi maganar masu sayar da tumakin yanka suna cewa yabo ga Ubangiji, na yi arziki (11:5). Satar amsa, cin hanci, danne hakkin ma'aikaci, duk wanda ya liƙa musu sunan Allah ya faɗa cikin abin da doka ta uku cikin Dokoki Goma ta hana, wato kama sunan Ubangiji a banza. Hanyar ɗaukaka Allah a nan ita ce wadda Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya bi a Luka 19: ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

13. Abin duniya na gane. Amma bangaskiyata da halina na kirki, su ma ba nawa ba ne?

Nan ne aka fi yin muhawara a tarihin ikkilisiya. A farkon ƙarni na 5, Pelagiyus ya koyar da cewa ɗan adam yana da ikon bin dokar Allah da nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi tsayayya da shi, kuma ayar nan ta 1 Korintiyawa 4:7 tana cikin waɗanda ya fi dogara da su. Ya ce idan Allah ya sāka wa ayyukanmu nagari, baiwarsa ce yake naɗa wa rawani. Majalisar Kartaj ta 418 ta ƙi koyarwar Pelagiyus, majalisar Orange ta 529 kuma ta tabbatar da cewa ko farkon bangaskiya ma aikin alheri ne.

Katolika da Furotesta sun bambanta kan yadda alheri da nufin mutum suke aiki tare, Furotesta ma a tsakaninsu ba bakinsu ɗaya ba. Amma duka suna karanta Afisawa 2:8-10, cewa ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya, da Filibiyawa 2:12-13, inda aka ce ku yi aikin cetonku da tsoro domin Allah ne ke aiki a cikinku. Katekizim na Heidelberg na 1563 ya sa dukan maganar ayyuka nagari da Dokoki Goma da addu'a a kashinsa na uku, ƙarƙashin godiya. Amfanin wannan a rayuwa shi ne, wanda ya daina shaye-shaye ko ya riƙe aurensa da aminci ba shi da dalilin ɗaga hanci ga wanda ya faɗi.

14. Allah yana hukunta wanda bai ba shi ɗaukaka ba?

Akwai misalai biyu masu ban tsoro. Nebukadnezzar yana yawo a kan fadarsa ya ce wannan ba ita ce Babila mai girma da na gina da ikona ba? Kafin ya rufe baki aka raba shi da mulki da hankalinsa, sai da ya ɗaga ido sama aka mayar masa (Daniyel 4). Hirudus Agaribas kuwa ya yi jawabi a Kaisariya, jama'a suka ce muryar allah ce, ba ta mutum ba, ya karɓa. Ayyukan Manzanni 12:23 ta ce an buge shi domin bai ba Allah ɗaukaka ba. Masanin tarihin Yahudawa Josefus ma ya ba da labarin mutuwarsa, wadda ta faru a shekara ta 44.

Sai dai su biyun sarakuna ne da suka hau kujerar da ba tasu ba, ba mutanen da suka manta da addu'a kafin barci ba. Kada wani ya tsorata ka da cewa in ba ka fito gaba ka yi shaida ba Allah zai karɓe abin da ya ba ka. Luka bai ce kuturta ta komo wa taran nan na amsa ta 2 ba. Sun tafi da lafiyarsu; abin da suka rasa shi ne maganar da Yesu ya yi wa na goman, cewa bangaskiyarsa ta cece shi.

15. A wurin aiki, ko a hirar neman aiki, dole ne in riƙa ambaton Allah?

Ba dole. In an tambaye ka abin da ka iya, ka faɗi abin da ka iya daidai, kada ka ƙara, kada ka rage, ka kuma ambaci abokan aikin da kuka yi tare. Nehemiya a gaban sarkin Farisa ya yi addu'a a zuci, da baki kuma ya roƙi izinin tafiya da wasiƙu da katako. Yusufu da Daniyel sun ambaci Allah a fili a gaban Fir'auna da Nebukadnezzar, domin fassarar mafarki ake shirin ɗora wa hikimarsu, irin yanayin da aka yi bayani a amsa ta 6. Johann Sebastian Bach, mai tsara kiɗa na Jamus da ya rasu a 1750, yakan rubuta haruffa uku, S.D.G., a ƙarshen takardun kiɗansa da dama, ma'ana ɗaukaka ga Allah kaɗai. A takarda ya sa su, inda masu sauraro ba sa gani. Matiyu 5:16 ta ce mutane su ga ayyukanku nagari su ɗaukaka Ubanku. Ma'aikacin da ke zuwa a makare yana ambaton Allah a kowace jimla ya juya ayar.

16. Na san ya kamata in gode, amma zuciyata a bushe take. Munafunci ne in faɗa da baki?

Ba munafunci ba ne faɗin abin da ka san gaskiya ne ko da ba ka ji daɗinsa a ranka ba. Dawuda a Zabura 103 umartar ransa yake yi ya yabi Ubangiji, kada ya manta da alheransa, sannan ya shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Ambaton abu da sunansa ya fi "na gode don komai" tasiri. Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit da aka amince da ita a 1540, ya koyar da binciken zuciya na kullum wanda matakinsa na farko shi ne gode wa Allah don alheran da aka karɓa, kafin a zo kan laifuffuka. Isra'ilawa kuwa duwatsu suka riƙa kafawa, goma sha biyu bayan haye Urdun, da wanda Sama'ila ya kira Ebenezer, domin sun san mantuwa halin ɗan adam ce. In bushewar ta biyo bayan rashi ne ko baƙin ciki mai tsawo, koma amsa ta 10, ka kuma nemi wanda za ka yi magana da shi, fasto ko likita.

17. Dole ne in kai baiko na godiya duk lokacin da Allah ya yi mini wani abu?

In ka yi wa Allah wa'adi da bakinka, ka cika. Mai-Wa'azi 5:4-5 ta ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa. In ba ka yi ba, Sabon Alkawari bai yanka wa godiya farashi ba. 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba. Duk wanda ya ce maka sai ka kawo kaza kafin albarkar ta tabbata, ciniki yake koya maka, kuma abin da aka saya ba a kiransa baiwa.

Ba majami'a kaɗai ce wurin kai godiya ba. Ibraniyawa 13:15-16 ta haɗa hadayar yabo ta baki da yin alheri da tarayya da mabukata, ta kira su duka hadayun da Allah ke jin daɗinsu. A Maimaitawar Shari'a 26, mai kawo nunan fari yakan tsaya ya ba da tarihin yadda kakanninsa suka yi bauta a Masar aka fito da su, ya ajiye kwandonsa, sannan ya yi murna tare da Balawe da baƙon da ke zaune a cikinsu. A shekara ta uku kuma ushirin amfanin gonar na Balawe ne da baƙo da maraya da gwauruwa, su ci a cikin garuruwansu su ƙoshi.